Ministry da kundin The Last Sucker: ƙungiyar da ta ɗaura ajalinta a kan wa'adin Bush

A ranar 18 ga Satumban 2007 wata ƙungiyar mawaƙa ta Amurka mai suna Ministry ta fitar da kundin waƙoƙinta na 11, wanda ta raɗa wa suna The Last Sucker. Tun kafin ya shiga kasuwa, jagoran ƙungiyar, Al Jourgensen, ya shaida wa ƴan jarida cewa daga wannan ba wani: za su yi rangadin ban kwana, sannan kowa ya kama gabansa. A lokacin ƙungiyar tana da shekara 26 da kafuwa, shi kuma shugaba George W. Bush saura wata 16 ya bar fadar White House.

Ambaton Bush a nan ba kara-zube ba ne. Kundin shi ne na uku a jere da Ministry ta sadaukar ga sukar mulkinsa, kuma Jourgensen ya tsara abin ne ta yadda ƙungiyar za ta sauka kusan tare da mutumin da take yi wa zambo. Tambayar da wannan bayani zai bi ita ce: idan mawaƙi ya gina aikinsa a kan adawa da mutum guda, me zai rage masa ranar da mutumin ya tafi? Amsar tana cikin kundin kansa, a mintocinsa na ƙarshe. Amma kafin a kai nan, sai an san irin kiɗan da ake magana a kai.

Mene ne kiɗan masana'anta?

Masu jin Turanci suna kiran wannan salo industrial, masu jin Faransanci kuma sukan taƙaita shi su ce indus. Ma'anar dai ita ce kiɗan da ke kwaikwayon ƙarar masana'anta. Ya samo sunan ne daga Ingila, inda ƙungiyar Throbbing Gristle ta kafa kamfanin faya-fayanta mai suna Industrial Records a 1976. A wancan zamani masana'antun Ingila suna ta rufewa, matasa suna zaman kashe wando, sai waɗannan makaɗa suka ce in dai rayuwar gari ƙara ce da hayaƙi, to bai kamata kiɗa ya zo da daɗin da babu shi ba. A 1980 aka kafa Einstürzende Neubauten a yammacin birnin Balin na Jamus, su kuma suka hau dandamali da tarkacen ƙarafa da injin huda bango a matsayin kayan kiɗa.

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da injin niƙa a kasuwa ya san yadda ƙara mai maimaita kanta take zama kamar kiɗa idan aka daɗe ana jinta. Wannan shi ne tushen salon. Daga baya, a shekarun 1980, aka haɗa shi da jitar lantarki irin ta kiɗan rok, aka sami abin da ake kira rok ɗin masana'anta. Abubuwa ne kaɗan suke bambanta shi da sauran rok. Ganga sau da yawa inji ne ke buga ta, don haka ba ta gajiya kuma ba ta kuskure. Jita tana maimaita gajeren bugu guda har sai ya zama kamar sarar guduma. Muryar mawaƙi ana bi da ita ta na'urar da ke dusashe ta, ta fito kamar ta lasifikar da ta fashe. Sai kuma abin da ya fi muhimmanci ga labarinmu, wato tsintar sauti: a ɗauko muryar wani daga fim ko labaran talabijin ko jawabin shugaba, a yanka, a liƙa cikin waƙa.

Daga Habana zuwa Shikago

An haifi Al Jourgensen a birnin Habana na ƙasar Kuba a watan Oktoban 1958, ƴan watanni kafin Fidel Castro ya karɓi mulki. Yana ƙarami danginsa suka yi ƙaura zuwa Amurka, kuma sunan Jourgensen na mijin mahaifiyarsa ne. Ya kafa Ministry a birnin Shikago a 1981. Kundinsu na farko, With Sympathy, da ya fito a 1983, kiɗan rawa ne mai taushi da aka yi da fiyanon lantarki, kuma Jourgensen ya shafe shekaru yana nesanta kansa da shi, yana cewa kamfanin faya-fayan ne ya juya akalar aikin.

Sauyin gaske ya zo ne bayan ya haɗu da Paul Barker, mai kaɗa jitar bas, wanda ya zama abokin aikinsa na kusan shekara 18. Tare suka yi kundin 1988 da na 1989 waɗanda suka shigo da jita mai nauyi, sannan Psalm 69 a 1992, wanda aka sayar da sama da kwafi miliyan ɗaya a Amurka. A cikinsa akwai waƙar N.W.O., inda aka tsinci muryar shugaba George Bush uba yana maganar sabon tsarin duniya, kalmar da ya yi ta amfani da ita a lokacin rikicin Tekun Fasha na 1990 zuwa 1991. Ke nan tsamar da ke tsakanin Ministry da gidan Bush ta girmi mulkin ɗan da shekaru.

Shekarun mulkin Bill Clinton ba su yi wa ƙungiyar kyau ba. Filth Pig na 1996 da Dark Side of the Spoon na 1999 ba su sami karɓuwar da na baya suka samu ba, ga kuma Jourgensen ya nutse cikin shan hodar heroin, abin da shi da kansa ya ba da labarinsa dalla-dalla a littafin tarihin rayuwarsa na 2013. Ya rabu da ita a farkon shekarun 2000. Bayan kundin Animositisomina na 2003 Barker ya fice daga ƙungiyar. Daga nan Ministry ta zama ta mutum ɗaya, wanda ke gayyato makaɗa idan aiki ya taso. Jourgensen ya sha faɗa cikin raha cewa ya fi iya waƙa idan ɗan jam'iyyar Republican ne ke mulki, kuma tarihin kundayensa bai ƙaryata shi sosai ba.

Kundi uku, mutum ɗaya

A watan Maris na 2003 Amurka ta mamaye Iraƙi bisa zargin cewa Saddam Hussein yana da makaman ƙare dangi, waɗanda ba a taɓa samu ba. A wannan watan ne mawaƙiyar ƙungiyar Dixie Chicks ta soki Bush a wani wasa a Landan, sai gidajen rediyo da dama a Amurka suka daina sa waƙoƙinsu. Sukar shugaba a lokacin tana da tsada ga mawaƙin da ke cin abinci da rediyo. Ministry ba ta da wannan fargaba, domin dama manyan gidajen rediyo ba su cika sa irin kiɗanta ba.

A 2004, shekarar zaɓe, ta fitar da Houses of the Molé. Waƙar farko sunanta No W, sauran kuma kusan dukkansu sunayensu suna farawa da harafin W, wanda Amurkawa ke bambanta Bush ɗa da mahaifinsa da shi. Bush ya ci zaɓen. A 2006 sai ga Rio Grande Blood, wanda ya fi na farko sauri da zafi. A waƙar da ta buɗe shi an yanyanka jawaban Bush, an sake jera kalmomin, har ya zama da bakinsa yake kiran kansa azzalumi.

Mai karatu da ya san waƙoƙin fada na Hausa zai gane wannan da sauƙi. Zambo ne, ba habaici ba: an kama suna, an muzanta siffa, ba a bar wa kowa wahalar fassara ba. Bambancin shi ne makaɗin fada yana zambo ne ga abokin hamayyar ubangidansa, yana da inuwar da zai fake a ciki da kuma kyautar da yake jira. Jourgensen ba shi da ubangida a fagen siyasa, abin da yake da shi masu sayen faifai ne da masu yankar tikiti.

Akwai abin lura game da yankan murya. A waƙar Ministry mai sauraro ya san an yi yanka da liƙi, ana jin tabon a fili, kuma dariyar tana cikin sanin hakan. Dabarar ita ce dai ake amfani da ita yau a sautukan da ke yawo a WhatsApp, inda ake sa wa ɗan siyasa ko malami maganar da bai faɗa ba, sai dai a can ɓoye tabon ake yi don a yaudari mutane. Haka kuma ba duk abin da ƙungiyar ta ɗauko ne gaskiya ba. A waƙar Lieslieslies ta 2006 ta tsinci sauti daga wani fim da ke yaɗa zargin cewa da hannun gwamnatin Amurka a harin 11 ga Satumban 2001, zargin da ba a kawo masa hujjar da ta tsaya ba. Fushin mawaƙi yana iya zama da dalili, amma ba ya mai da jita-jita labari.

Abin da ke cikin The Last Sucker

An ɗauki kundin ne a garin El Paso na jihar Teksas, a bakin iyakar Amurka da Meziko, inda Jourgensen ya koma da zama ya kafa sutudiyo da kamfanin faya-fayansa mai suna 13th Planet. Teksas ita ce jihar da Bush ya yi wa gwamna kafin ya zama shugaban ƙasa. Waɗanda suka taya shi aikin sun haɗa da Tommy Victor na ƙungiyar Prong da Sin Quirin a jita, da Paul Raven, ɗan Ingila da ya yi suna a Killing Joke, a jitar bas. Burton C. Bell na Fear Factory ya ba da murya a waƙoƙin ƙarshe.

Sunan kundin wasa ne da kalmomi. Kalmar sucker a Turancin Amurka tana nufin gaula, wanda ake damfara cikin sauƙi, kuma ta yi kama da supper, wadda ke cikin sunan jibin ƙarshe da Linjila ta ce Annabi Isa ya ci da almajiransa, abin da masu Faransanci ke kira la Cène. A bangon wani bugu na faifan akwai hoton Bush wanda idan aka karkata shi sai fuskar ta rikiɗe ta koma ta ƙadangare. Wanda zai nemi kundin ya sani cewa akwai ashar da baƙar magana a cikinsa, ba abin sa wa yara ba ne.

Waƙoƙi 11 ne, kuma kusan kowace tana da abin da take nuni da shi a labaran wancan lokaci. Watch Yourself tana magana ne kan leƙen asirin ƴan ƙasa. A Disambar 2005 jaridar New York Times ta bankaɗo cewa gwamnati tana sauraron wayoyin mutane ba tare da izinin kotu ba. Life Is Good an yi ta ne da bakin sojan da ya dawo daga fagen daga da ƙwaƙwalwa a rikice, a shekarar da Bush ya ƙara tura dakaru sama da 20,000 Iraƙi, kuma aka kashe sojojin Amurka kimanin 900 a can, adadin da ya fi na kowace shekara a yaƙin. Akwai waƙa sukutum a kan mataimakin shugaban ƙasa Dick Cheney, wanda ya shugabanci kamfanin Halliburton daga 1995 zuwa 2000, kamfanin da reshensa ya sami manyan kwangiloli a Iraƙi, kuma wanda ya harbi abokin farautarsa bisa kuskure a Teksas a Fabrairun 2006. An kuma saka tsohuwar waƙar The Doors, Roadhouse Blues ta 1970, aka buga ta da gudun da ya ninka na asali.

Ta fuskar sauti, yawancin kundin gudu ne ba numfashi. Ganga tana sauka kamar ruwan ƙanƙara a kan kwano, jita tana sara, muryar Bush tana faɗowa nan da can, har da dariyarsa da aka maimaita. Mai sauraro zai iya gajiya.

Muryar janar a mintocin ƙarshe

Waƙar rufewa, kashi na biyu na End of Days, ta fi minti goma, kuma ta sha bamban da duk abin da ya gabace ta. Gudun ya ragu, jita ta yi taushi, sannan aka bar fili ga wata murya da ba ta Bush ba. Muryar Dwight Eisenhower ce, a jawabinsa na ban kwana ga Amurkawa na ranar 17 ga Janairun 1961.

Eisenhower ba ɗan zanga-zanga ba ne. Janar ne da ya jagoranci dakarun ƙawance a yammacin Turai a Yaƙin Duniya na Biyu, shi ya ba da umarnin saukar sojoji a gaɓar Normandi ta Faransa a watan Yunin 1944, sannan ya mulki Amurka daga 1953 zuwa 1961 a ƙarƙashin jam'iyyar Republican, jam'iyyar Bush. A jawabin ya gargaɗi ƴan ƙasarsa game da haɗin bakin rundunar soja da kamfanonin ƙera makamai. Ya ce mutum miliyan uku da rabi ne ke aiki kai tsaye a harkar tsaro, kuma abin da ƙasar ke kashewa a kan soja duk shekara ya zarce ribar dukan kamfanonin Amurka in an haɗa. Ya yarda cewa ana bukatar wannan ƙarfi, amma ya ce tasirinsa zai iya shiga kowace majalisa da kowane ofishi, kuma jama'a masu sa ido da sanin abin da ake ciki ne kaɗai za su iya taka masa burki.

A nan ba a yi wa Eisenhower irin yankan da aka yi wa Bush ba. An bar shi yana magana a tsanake, jimla bayan jimla. Bayan shekara uku ana jifan mutum ɗaya, ƙungiyar ta rufe bakinta ta miƙa lasifika ga wani shugaban da ke cewa matsalar tsari ce da ta riga Bush zuwa da shekara 40. Wannan ne wurin da kundin ya fi ƙarfi, kuma a nan ne ya warware hujjar da aka kafa shi a kai. In dai abin da ake kuka da shi ya girmi Bush, to saukarsa ba za ta kawar da shi ba, kuma mawaƙin da ya ce aikinsa ya ƙare da tafiyar Bush bai saurari waƙarsa ta ƙarshe da kyau ba.

Watsewa

A Amurka ba a batun tazarce. Gyaran tsarin mulki na 22, wanda aka amince da shi a 1951, ya taƙaita shugaba ga wa'adi biyu, don haka kowa ya san cewa ranar 20 ga Janairun 2009 Bush zai tafi. Wannan ya ba Jourgensen damar tsara ban kwanansa kamar yadda ake tsara biki. Akwai kuma dalilai na rayuwa. Yana da shekara 48, jikinsa ya sha wahalar shaye-shaye, ya gaji da yawon wasa gari-gari, kuma ya ce yana son ya zauna a sutudiyo ya riƙa shirya wa wasu ƙungiyoyi kundi. Kasuwar faifan CD ma tana durƙushewa saboda sauke waƙoƙi ta intanet: a 2006 ne shahararrun kantunan Tower Records suka rufe a Amurka.

Wata ɗaya bayan fitowar kundin, ranar 20 ga Oktoban 2007, Paul Raven ya rasu cikin barci a yankin Janeba, yana da shekara 46. Ya je can ne aiki da Treponem Pal, ƙungiyar indus ta Faransa da aka kafa a Paris a shekarun 1980. Bai ga rangadin ban kwana ba. A 2008 Ministry ta fitar da Cover Up, tarin waƙoƙin wasu da ta sake bugawa, ta zagaya Amurka da Turai, ta yi wasan ƙarshe a birnin Dablin a watan Yuli.

Ƙarshen da bai zama ƙarshe ba

Shekara uku kawai aka yi. A 2011 aka sanar da dawowar ƙungiyar, a Maris na 2012 kuma Relapse ya fito. A lokacin Barack Obama ne ke mulki, ba Bush a fage, sai zafin ya koma kan bankuna da masu kuɗi: waƙar 99 Percenters goyon baya ce ga masu zanga-zangar Occupy Wall Street da ta ɓarke a New York a Satumban 2011. A Disambar 2012 Mike Scaccia, mai jita kuma aminin Jourgensen, ya yanke jiki ya faɗi a kan dandamali a Fort Worth ta Teksas, ya rasu yana da shekara 47. Jourgensen ya kammala aikin da suka faro tare, ya fitar da From Beer to Eternity a 2013, ya sake cewa shi ne na ƙarshe. A 2018, zamanin Donald Trump, sai ga AmeriKKKant, a 2021 Moral Hygiene, a 2024 Hopiumforthemasses. A 2024 ɗin ne aka sanar cewa Paul Barker zai dawo don su yi wani kundin, wanda shi ma aka ce na ƙarshe ne.

Ba Ministry kaɗai ke haka ba. Throbbing Gristle ta watse a 1981 ta dawo a 2004. KMFDM ta Jamus ta fitar da kundi mai suna Adios a 1999 ta dawo a 2002. Nine Inch Nails ta yi rangadin ban kwana a 2009 ta fitar da sabon kundi a 2013. Dalilin yana cikin yadda ake yin kiɗan. Ƙungiyar da ta dogara da mutum huɗu masu kaɗawa tare, idan suka ɓata ta mutu. Wadda kuwa ginshiƙinta mutum ɗaya ne da sutudiyo da na'urori, watsewarta shawara ce ta mutum guda, kuma yana iya janye ta duk safiyar da ya ga dama. Ga kuma batun abinci: da cinikin faifai ya faɗi, wasa a gaban jama'a ya zama babbar hanyar samu, kuma tsohon suna ya fi sabo cika zaure.

Saboda haka The Last Sucker ya rasa matsayinsa na kundin ƙarshe, ya koma na 11 cikin jerin da ya ci gaba. Amma abubuwa biyu sun ƙare da shi da gaske. Shi ne kundin sabbin waƙoƙin Ministry na ƙarshe da Paul Raven ya gani a raye, kuma shi ya rufe babin Bush. Waƙoƙin da aka yi kan Cheney da dariyar Bush yau suna bukatar bayani kafin matashi ya gane su, kamar kowane zambo da wanda aka yi wa ya bar gari. Jawabin 1961 kuwa ba ya bukatar kowa ya fassara dalilinsa. Sojojin Amurka sun fice daga Iraƙi a Disambar 2011, sun koma a 2014 don yaƙi da ƙungiyar IS, kuma har yau Amurka ce ke kan gaba a duniya wajen kashe kuɗi a kan soja da sayar da makamai ga wasu ƙasashe.